Zelma Mai Raɗa wa Gilashi Suna

A garinmu ba a shuka dankali ba a tono ƙwallon gilashi ba, irin 'yan ƙananan nan na wasan yara. Kana cikin haƙa a bayan gida sai ka ji shebur ya ce ƙas, ka duƙa ka ɗauko ɗan dunƙulen laka, ka goga a wando, sai ga launi ya leƙo. Daga nan ba wanda ke tambayar inda za a nufa. Gidan Fluharty ne, na ƙarshe kafin gada, inda Anti Zelma ke zaune a baranda da kwanon wake a cinya.

Ba ta karɓa da gaggawa. Sai ta goge hannu, ta tsoma ƙwallon a kofin ruwa, ta ɗaga ta saitin rana tana murzawa da babban yatsa.

"Kankana ce," sai ta ce. "Ga kore a waje, ga ja a ciki. Aikin yamma ne, kuma Burl Yoho ne a bakin wutar kamfani. Dubi yadda koren ya yi yawa. Shi Burl bai taɓa sanin ya isa ba, ko a gilashi ko a kwalba."

Ni sunana Twila. Na auri Harlan, ɗan ƙanwar mijinta, shi ya sa ta zama antina, mijin kuma Kawu Dorsey. Igiyar shanya ɗaya ce tsakanin gidana da nata tun ina amarya har na yi jika, don haka abin da ban gani da idona ba, daga bakinta na ji shi.

Can cikin duwatsu aka haife ta, a wani lungun kwari inda rana ba ta leƙowa sai hantsi ya dubi ludayi. Ubanta mai haƙar kwal ne. Ta ce duk abin da ta tashi ta gani ruwan toka ne: gidajen, karnukan, wankin da aka shanya, har fuskar babanta bayan ya yi wanka. Abu ɗaya mai launi a gidan wata tsohuwar kwalbar turare ce ruwan hoda da mahaifiyarta ta ajiye a taga, kuma ta sha duka a kanta, don sai ta bar kaji da yunwa ta tsaya tana leƙen duniya ta cikinta.

Tana 'yar shekara goma sha shida, yaƙin duniya na biyu bai daɗe da ƙarewa ba, ta sauko bakin kogin Ohio aka samo mata aiki a kamfanin ƙwallaye. Ranar farko oga ya ratsa da ita ta ɗakin wuta zai kai ta teburin mata, sai ya waiwaya bai gan ta a bayansa ba. Ta ƙame a gaban inji.

Narkakken gilashi ne ke zubowa daga ƙasan tanderu kamar zuma, ja wur, ba ya tsinkewa. Wani almakashin ƙarfe na datse shi, cak, cak, cak, kowane guntu ya faɗa kan wasu dogayen ƙarafa biyu masu tsagi da ke juyawa, ya yi ta gangarowa yana mulmulewa. A can sama duk garwashi ne, ba ka bambance wannan da wancan. Amma kafin su iso ƙasa wuta ta fara sakin su, sai launi ya fara hudowa. Wannan ta zama fara da jan zare a murɗe, ta bayanta rawaya da baƙi, ta bayan wannan kore shar, su zubo cikin bokiti suna ƙara kamar ƙanƙara a kan kwanon rufi.

"Twila," ta ce da ni, "tun ina ƙarama ake karanta mana a coci cewa Ubangiji ya ce haske ya kasance, ya kuwa kasance. Ban taɓa gane maganar ba sai ranar. Ina tsaye baki sake har oga ya daka mini tsawa, 'Ke 'yar kan dutse, kallo aka ɗauke ki ko aiki?'"

Aikin tebur shi ne tsincewa. Mata a jere, ƙwallaye na gangarowa gabansu, su fitar da masu tsaga da masu kumfa da waɗanda suka fito kamar ƙwai, masu kyau kuma a ɗura a 'yan jakunkunan raga. Kamfani bai san wani suna ba, girma kawai ya sani. Zelma ce ta kasa haƙuri. Mai rawaya da baƙi ta ce ƙudan zuma. Mai ja da baƙi, rina. Fara mai jan da ya tashi tsini-tsini, harshen wuta. Wani ja mai duhu mai kauri, wanda haske ba ya ratsa shi, ta ce jinin sa. Matan suka yi mata dariya mako guda, mako na biyu sai ga su suna cewa, "Miƙo mini bokitin rinar nan."

Yawancin launin ba a kamfanin ake dafa shi ba. Tarkacen wasu kamfanonin ake saye, motoci su zo su juye: fasassun kwalaben man shafawa farare, jan gilashin fitilar bayan mota, koren faranti, shuɗin kwalaben magani, kowanne a gangarsa. Mai shebur ke ɗiba ya watsa a tanderu, kuma nauyin hannunsa ne ke yanke yadda ƙwallo za ta fito. Ba a jima ba Zelma ta san hannun kowa ba tare da ta ɗaga kai ba. Akwai hannu ɗaya da ya ɗaure mata kai. Aikinsa tsaf, ya fi na kowa, sai ranar da aka kawo sabon kaya aka sauya wa gangunan wuri. Rannan sai ƙwallayensa su fito kamar mahaukaci ne ya haɗa.

Mai hannun shi ne Dorsey Fluharty, dogo siriri mai kunnuwa fato-fato, wuta ta cinye masa gira. Wata rana lokacin abinci ta same shi a bayan tanderu zaune a kan baro yana cin burodin masara da ɗanyar albasa. Ta miƙa masa tafin hannu da ƙwallaye biyu a ciki.

"Ba ni jar."

"Ikon Allah. Ba gaisuwa, ba komai?"

"Ba ni jar, na ce."

Ya dubi hannun, ya dube ta, ya yi 'yar dariya, ya ɗauki koriyar. Ta tsaya tana kallonsa. Ta ce kunnuwan nan nasa suka yi ja wur, shi kuwa ko a madubi ba zai taɓa sanin sun yi ba.

"Za ki gaya wa oga?"

"Tun yaushe kake haka?"

"Tun da aka haife ni. Ni a wurina ciyawa da jini uwa ɗaya uba ɗaya ne. Wurin zaman gangunan nake haddacewa."

"To in aka sauya musu wuri fa?"

"Sai in yi addu'a."

"Addu'arka ba ta karɓuwa, malam. Ni nake tsince abin da take haifarwa."

Daga ranar ta riƙa sammako ta bi ta cikin gangunan kamar mai neman hanya, ta ɗora ɗan dutse a kan murfin ta ja. Shi kuma lokacin abinci sai ya tare ta, "To, yau me na dafa?" Ta tarar in ta ce masa ja ko kore kamar ta zuba ruwa a kwando ne. Sai ta koma gaya masa da abin da jikinsa ya sani. Wannan kamar ka dafa murhu ba ka san da wuta ba. Wannan kamar ka tsoma ƙafa a rafi ƙanƙara na narkewa. Wannan ɗanɗanon tuffa ne da ba ta nuna ba. Haka sunayen suka yi ta yawa, har ya zama akwai waɗanda su biyu kaɗai suka sani. Da bazara ta zagayo aka ɗaura musu aure. Allah bai ba su haihuwa ba, amma Kawu Dorsey kan ce shi ya haifi miliyoyi, sai dai duk sun gangare.

Lokacin da na shigo dangin, kamfanin na kan gargara. Yara sun koma gaban talabijin, kayan wasan roba sun cika kanti, ga masu araha ana shigowa da su daga ƙetare. Aka kashe tanderu, aka sayar da injuna. Kawu ya koma aikin jirgin fito, Anti ta shiga kicin ɗin makarantar firamare. Ƙwallaye suka zama abin cike ramin hanya. Ita dai ba ta zubar da nata ba. Waɗanda ta riƙa tahowa da su a kwanon abinci shekara da shekaru suna nan a manyan kwalabe a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, jere da na tumatir da na wake.

Sai shekarar ambaliya. Dusar ƙanƙara ta zuba har gwiwa, sannan aka wayi gari da ɗumi da ruwan sama, duk ta narke lokaci ɗaya. Kogi ya hau, rafin da ke bayan tsohon kamfani ya cika ya yi hauka. Muka tattara muka koma coci a kan tudu, muna kwana a kan benci. Safiyar da ruwa ya janye Harlan ya sauka duba gada, sai ga shi ya dawo a guje ba hula.

"Ku fito. Kar a tambaye ni, ku dai fito. Anti Zelma, sa takalmi."

Akwai wani gangare a bayan kamfanin inda aka yi shekaru ana juye duk abin da teburin mata ya ƙi. Ciyawa ta rufe shi, itatuwa sun girma a kai, har an manta. Ruwa ya zo ya zaftare shi gaba ɗaya.

Na sha ba da labarin nan, kuma kullum sai in ji ban faɗe shi daidai ba. Daga gada har inda rafin ya karya kwana, babu tsakuwa ko ɗaya. Gilashi ne. Ruwa ya riga ya washe, garau, yana gudu a kansu, rana kuma ta fito a karon farko cikin kwanaki. Launi ya tashi daga ƙasan ruwa yana rawa a cikin gadar, a jikin itatuwa, a fuskokinmu. Ga wani siririn sauti da ƙwallayen ke yi suna gogar juna, kamar ana kaɗa ƙananan ƙararrawa a can wani gari. Mutanen da jiya-jiya ruwa ya tafi musu da kujeru da firji suka jeru a bakin rafi. Fasto ya cire hula bai san ya cire ba.

Anti Zelma ta ratsa mu ta shiga ruwan da takalmanta na zuwa coci, ruwan da ko kare ba zai sa ƙafa ba don sanyi. Ta duƙa ta cika hannu biyu, ta bar su suna zubewa ta tsakanin yatsu.

"Duk waɗannan ni na ƙi su," ta ce. "Da hannuna na ce ba su yi ba. Ya Ubangiji, dubi abin da na zubar."

Harlan ya ɗauko kujerar kicin ya kafa mata a kan yashi, na naɗe mata ƙafafu da bargo. Gari ya watsu cikin rafi da bokitai da tukwane, duk wanda ya ga wadda ta burge shi sai ya kawo. Ita kuwa kamar mai kiran sunan 'yan aji. Ƙudan zuma. Harshen wuta, na Burl. Wannan farin na kwalbar man shafawa ne, ga shi nan kamar kindirmo. Wannan idon kyanwa ce, ta ƙarshe-ƙarshe, lokacin da muka fara kwaikwayon na ƙetare. Wannan ta shekarar da tanderu ya tsage ce, shi ya sa take da toka-toka.

Can da rana ta yi tsaka sai Opal Hissom ta gidan waya ta zo da wata a tafin hannu.

"Mis Zelma, wannan fa? Akwai irinta da yawa a ƙarƙashin wancan kututturen."

Kore ce mai duhu, jinin sa ya naɗe ta tun daga sama har ƙasa, ga wani siririn fari na yawo a tsakani. Anti ta juya ta, ta sake juyawa. Na ga ba ta san ta ba, abin da ban taɓa gani ba. Sai kawai ta fashe da dariya har da hawaye.

"Dorsey! Dorsey Fluharty! Zo ka ga kuskurenka!"

Ashe akwai makon da mura ta kwantar da ita a farkon aurensu, ba wanda ya ɗora dutse a kan ganga. An ba da aikin kore zalla, shi kuma ya wuni yana watsa jinin sa a ciki yana fito abinsa. Oga ya zo ya gani, ya yi ta ruwan ashar, ya sa aka kwashe duka aka juye a gangare. Kafin ta warke ba ko ɗaya. Labari kawai ta ji.

Kawu ya taho yana ɗingishi, wandonsa jiƙe har cinya.

"Shekara nawa kana ce mini mummuna ce?" ta ce.

"To ai haka oga ya ce."

"Oga! Mutumin da ke sa safa ruwan lemo ya zo coci?"

"Ni ina na san launin safarsa, Zel?"

Mutane suka kwashe da dariya. Ita kuma ta kamo hannunsa ta sa masa ƙwallon, ta rufe yatsunsa a kai, ta sassauta murya.

"Ka tuna dajin bayan gidan babanka, ranar da ka harbi barewarka ta farko? Ka ce mini ka tsaya a kanta, ga ƙamshin korayen itatuwan fir na daji, ga ɗumin jini a hannunka, hayaƙin bindiga bai gama watsewa ba, ka rasa murna za ka yi ko kuka. To ita ce wannan."

Ya daɗe yana kallon hannunsa.

"Ni na yi wannan?"

"Kai ka yi, da makantarka da komai."

Sunan ya bi ta. Har gobe in ka ce Kuskuren Dorsey, duk mai tara ƙwallaye a wannan yankin ya san wadda kake nufi.

Labarin rafi ya shiga jarida, sai ga baƙi. Ashe akwai mutane a duniya, manya da furfurarsu, da ke tara tsofaffin ƙwallaye a akwatuna masu shimfiɗar karammiski, suna duba su da gilashin ƙara girma. Suka fara haɗuwa duk shekara a zauren 'yan kwana-kwana, aka ba Anti Zelma tebur a kusa da taga. Na ɗauka za ta yi musu kallon mahaukata. Ina! Ta zama kamar ƙaramar yarinya a kantin alewa. A wurinsu ta fara ganin na Jamus, waɗanda aka yi da hannu tun kafin a haifi kakarta, kowacce da 'yar cibiya sama da ƙasa inda aka yanke ta daga sandar gilashi. Akwai wadda suke kira ɓawon albasa, launi a kan launi. Akwai zabuwa, ta wani kamfanin ƙetaren kogi da bai yi tsawon rai ba, jikinta ɗigo-ɗigo. Ta riƙe ta kamar ƙwan tsuntsu ta ce, "Wanda ya yi wannan, Allah ya ji ƙansa, bai yi barci a bakin wuta ba."

Wanda suka fi shaƙuwa da shi Mista Kuhlman ne, tsohon malamin kimiyya daga garin Marietta, gajere mai sanƙo. Wuni suke suna musun suna. Wasu sunayen nasu sun zo ɗaya, don ido ɗaya ne ke kallo. Wasu kuwa sun yi hannun riga. Wata shekara ya hango wata kwalba da ta tura ƙarƙashin tebur, cike da wasu ƙwallaye rawaya-rawaya masu hazo, marasa fasali.

"Mis Zelma, waɗancan fa? Mu ruwan lemon tsami muke ce musu."

"Mu kuwa fitsarin doki. Na kawo su ne don in danne takarda kar iska ta kwashe."

"Kin taɓa ganin su a ƙarƙashin baƙar fitila?"

"Fitila kuma baƙa? Malam, ko dai ka fara taɓa kwalbar Burl?"

Ya yi dariya ya ce mu biyo shi. Tsakar rana ce, amma akwai wani ɗan ɗakin ajiyar kujeru mara taga. Muka shiga, ni da ita da Kawu Dorsey. Ya juye kwalbar a faranti, ya rufe ƙofa, ya kunna wata 'yar fitila mai dishi-dishin haske shunayya.

Farantin ya kama. Ban san yadda zan faɗa ba in ba haka ba. Ƙwallayen nan da ba wanda ke so suka tashi da wani kore mai haske daga cikin cikinsu, kamar kowacce ta haɗiyi wata, har muna ganin yatsun juna. Mista Kuhlman na bayani a hankali, wai wani sinadari ne da ake sa wa gilashi a da, yana nan kwance sai irin wannan hasken ya tashe shi. Ba na jin ta ji ko kalma ɗaya. Ta lalubi kujera ta zauna.

"A ƙarƙashin gidana," ta ce. "Kusa da tumatir. Duk shekarun nan suna wannan abin, ni ina zagin su."

Ta juya za ta fara gaya wa mijinta kamar yadda ta saba, sai ya dafa kafaɗarta.

"Yi shiru, Zel. Wannan na gani."

"Ka gani?"

"Launin ban sani ba, ke ta shafa. Amma hasken na gani. Bari yau ni in gaya miki." Ya yi gyaran murya, mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa ba. "Kin san ƙwarin nan masu ƙyalli da ke tashi daga ciyawa a tsakiyar bazara? Kamar an tara na duk jihar nan an ce su yi shiru su zauna."

Mista Kuhlman ya bar mata fitilar. Ta daina cewa fitsarin doki, ko da yake ruwan lemon tsamin ma bai taɓa zama a bakinta ba.

Kawu Dorsey ya rasu bayan 'yan shekaru, a kan kujerarsa, rediyo na ba da labarin wasan ƙwallo. Anti ta ci gaba da zama a baranda, mutane na kawowa tana faɗa. Sai dai a hankali yanar ido ta fara rufe mata gani. Murɗin zare da tabon almakashi ba su taɓa ɓace mata ba, don babban yatsanta ya san su. Launi ne ya fara zamewa. Ta ɗaga shuɗiya ta ce ruwan toka, ta ɗaga fara ta ce rawaya. Wa zai yi musu da Zelma Fluharty a kan launi? Sai mutum ya yi godiya ya tafi yana duban abinsa.

Likita ya ce aiki ne na ɗan lokaci. Ta ce ba wanda zai sa mata wuƙa a ido tana numfashi. Muka yi ta fama har ta haura tamanin. Abin da ya karya ta, ranar da ta fita coci da takalmi ƙafa ɗaya baƙi ƙafa ɗaya ruwan ƙasa, Opal Hissom ta raɗa mata a kunne. Washegari ta leƙo ta tagata.

"Twila, tayar da motar nan kafin in sake shawara."

Aka yi aikin a asibitin birni, kashegari aka cire bandeji. A ɗakin likita ta yi ta ƙifta ido. Muna kan hanyar dawowa, daidai inda titi ke hawa tudu kogi ya buɗe a ƙasa, sai ta damƙe mini hannu har motar ta yi tangal-tangal.

"Tsaya! Tsaya, na ce!"

Na gangara gefe. Ta buɗe ƙofa ta fita ba sanda, ta cire baƙin tabaran da aka ce kar ta cire, ta ɗaga kai.

"Tun yaushe sama take haka?"

"Haka take kullum, Anti."

"Ƙarya kike."

"Na rantse."

"Shuɗi," ta ce, kamar mai kiran wanda ya daɗe a tafiya. "Ashe tafiya ya yi ban sani ba. Ba sallama, ba komai, kaɗan-kaɗan." Hawaye na zuba ta idon da aka yi wa aiki, ni ina ta roƙon ta mayar da tabarau, ita ko a jikinta.

Da muka iso gida ta tsaya a ƙofar kicin tana kallon labulenta, wai ashe fari ne. Ko zama ba ta yi ba ta sa aka kira Harlan daga wurin aiki.

"Duk kwalaben da ke ƙasa, a hau da su."

"Duka, Anti? Da na tumatir?"

"Kar ka raina mini hankali, yaro. Ka san waɗanda nake nufi."

Yaron nan kuwa lokacin ya ba sittin baya. Ya yi ta hawa da sauka yana haki. Muka shimfiɗa farin zanen gado a kan ciyawa a inuwa, muka kawo bahon ruwa, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu. Ta juye kwalbar farko, ta ɗauki ɗaya, ta tsoma, ta ɗaga.

"Wa ya bar ni ina kiran wannan tokar murhu? Twila, kina tsaye ina wannan abin kunya?"

"Wa ya isa ya gyara miki?"

"Ga shuɗi, ga shunayya a bayansa, ga wani kuma can ciki da ban ma san da shi ba. Kai! Sai an sake duka. Daga farko."

Ta yi shekara huɗu tana wannan aikin kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma ba ta kai rabi ba, don ba ta yarda a gaggauta ta. A wannan yammacin na farko ma kwalba ɗaya ba ta ƙare ba. Akwai wata 'yar ƙarama da ta riƙe har inuwa ta matsa daga kanmu, tana juyawa, bakinta na motsi ba sauti.

"Wannan fa, Anti, me sunanta?"

"Ban sani ba tukuna," ta ce. "Ajiye mini ita a gefe. Ki ɗora mana kofi, ki ce wa Harlan ya daina nishi ya kawo ta gaba."